Yadda Ake Mai da Bidiyo Haruffa Masu Motsi Don Tsoffin Allunan BBS

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi dokin nan da ke gudu a kan allo. In kun ɗan janye wayarku daga fuska, doki sosai za ku gani, da ƙafafunsa da wutsiyarsa. To bari in matso muku da shi kusa. Kun gani? Babu hoto ko ɗaya a wurin. Haruffa ne da alamomin rubutu aka jera layi-layi, ana sauya su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Asalinsa bidiyo ne irin wanda kowa ke ɗauka da waya, aka bi da shi ta wasu matakai har ya zama rubutun da kwamfutar shekara arba'in da suka wuce za ta iya nunawa. Matakan nan za mu bi yau.

Amma sai mun san inda za a kai shi tukuna. Kafin intanet ta shiga gidajen mutane akwai abin da ake kira BBS, wato allon sanarwa na kwamfuta. Mutum zai ajiye kwamfuta a ɗakinsa ya haɗa ta da layin tarho ta hanyar modem, na'urar da ke sa kwamfuta ta tura bayanai ta layin tarho, wasu kuma su buga lambarsa daga nasu kwamfutocin, su bar saƙo, su karanta na wasu, su ɗauki fayil. Na farko da ya shahara a Chicago ta Amurka aka yi shi. Dusar ƙanƙara ce ta tsare mutane a gida a watan Janairun 1978, Ward Christensen da Randy Suess suka yi amfani da zaman, suka haɗa CBBS, aka buɗe shi ranar 16 ga Fabrairu na wannan shekarar. Yawancin irin waɗannan alluna layi ɗaya gare su, in wani yana ciki sai ka jira ya sauka. A tsakiyar shekarun 1990 intanet ta ƙwace musu jama'a, amma ba su mutu ba. Har yau akwai masu tafiyar da su da manhajoji irin su Synchronet da Mystic, ana shiga ta intanet da hanyoyin haɗi irin su telnet ko SSH a madadin layin tarho, wasu ma da ainihin tsoffin injinan suke shiga.

Allon da BBS ke magana da shi gurbi-gurbi ne: gurbi 80 a kwance, layi 25 a tsaye, jimilla 2,000. Kowane gurbi alama ɗaya yake ɗauka, da launin alamar, da launin bayanta. Alamomin kuwa guda 256 ne da kamfanin IBM ya saka wa kwamfutarsa ta 1981, waɗanda ake kira CP437. A cikinsu akwai waɗanda su ne jarin mai wannan aiki: cikakken tubali █, da inuwa kala uku ░ ▒ ▓, da rabin tubali na sama ▀ da na ƙasa ▄. Launi da matsar da manunin rubutu, wato alamar da ke nuna inda harafi na gaba zai sauka, kuma da lambobin umarni na ANSI ake yinsu, waɗanda kwamfutoci masu tsarin aiki na DOS suka fara fahimta ta wata 'yar manhaja mai suna ANSI.SYS tun 1983. Kowane umarni da alamar ESC yake farawa, sai wasu lambobi, sai harafi ɗaya ya rufe. Mai kallo ba ya ganinsu, amma suna cin wuri a kan layi, kuma ku riƙe wannan domin za mu dawo kansa.

Mutanen wancan zamanin da hannu suke zana motsinsu. Akwai manhajar TheDraw ta Ian Davis da ta fito a 1986, akwai ƙungiyoyin masu zane irin su ACiD da aka kafa a 1990, gurbi bayan gurbi suke bi, dare da rana. Mu yau inji za mu sa ya yi mana, sai dai injin ba zai yi kyau ba in bai koyi tsumulmular da waɗancan mutane suka koya ba.

Matakin farko shi ne yanka bidiyon falle-falle. Manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce, ita ake yawan amfani da ita: a ce mata ta fitar da falle 5 ko 8 a kowace daƙiƙa maimakon 25 ko 30 na asali, ta kuma ƙanƙanta kowane falle. Ƙanƙantawar ba ta wasa ba ce. Bidiyo mai faɗin 1280 da tsayin 720 yana da ɗigo 921,600 a falle ɗaya, mu kuwa gurbi 2,000 gare mu. A nan rabin tubali ke ceto. Gurbin rubutu tsayinsa ya kusa ninka faɗinsa, don haka in aka sa alamar ▀, launin alamar ya zama ɗigon sama, launin baya ya zama ɗigon ƙasa. Gurbi ɗaya ya ba da ɗigo biyu ke nan, allo ya koma 80 da 50, ɗigo 4,000. Ko da haka, cikin kowane ɗigo 230 na asali ɗaya kaɗai ya rage. Shi ya sa zaɓen bidiyon ke da muhimmanci tun farko. Fuska ɗaya da ta cika allo tana fita. Inuwar mutum a gaban farin bango tana fita sosai. Taron jama'a daga nesa kuwa ba abin da za ku gani sai dagwalo. Sannan ku gwada da wani abu mai da'ira, kamar ƙwallo, domin a tsoffin allunan gilashi ɗigon ya ɗan fi tsayi a kan faɗi, in ba a gyara ba fuskoki za su miƙe.

Sai launi. Launuka 16 ne kacal: baƙi, shuɗi, kore, shuɗi-kore, ja, jan-algashi, ruwan ƙasa, toka, da masu hasken kowannensu. Bayan gurbi ma 8 marasa haske kawai yake karɓa, domin a tsarin asali an ware wurin sauran takwas ɗin don sa rubutu ya riƙa ƙyaftawa. Idan ɗigon ƙasa mai haske ne na sama kuma mai duhu, sai a juya, a sa ▄ a madadin ▀. Idan duka biyun masu haske ne kuma launinsu daban, dole ɗaya ya haƙura, sai fa in manhajar mai kallo ta yarda da abin da ake kira launukan iCE, inda ake kashe ƙyaftawar a samu 16 a baya ma. Kada ku dogara da shi ido rufe. Wanda manhajarsa ba ta san shi ba, allonsa zai yi ta walƙiya har ya rufe.

Akwai wani abu a nan da ya dame ni, kuma ina so ku kula da shi. A cikin launukan nan goma sha shida, ruwan ƙasa ɗaya ne tak, shi ma ya karkata zuwa ruwan lemo. In kuka bar manhaja ta zaɓi launi mafi kusa da kanta, fuskar baƙar fata ko dai ta narke cikin baƙi gaba ɗaya, ko ta koma ja kamar an shafa mata jan ƙasa. Maganin shi ne alamomin inuwa. Alamar ░ tana rufe kusan kwata na gurbi, ▒ rabi, ▓ kashi uku cikin huɗu. In aka ɗora ruwan ƙasa a kan baƙi da waɗannan ukun, an samu matakai uku na duhun fata tsakanin baƙi da ruwan ƙasa, a ƙara toka mai duhu wajen inuwar wuya da gefen hanci. Kafin a kai nan kuma a ɗaga hasken wuraren duhu na bidiyon tun a ffmpeg. Abin da aka biya shi ne gurbin da aka sa wa inuwa ya daina ba da ɗigo biyu, ya koma ɗaya. Don haka a sa inuwa a kumatu da goshi inda launi ke sauyawa a hankali, a bar rabin tubali wajen ido da leɓe da gefen fuska inda ake son kaifi. Manhaja mai kyau takan gwada kowace alama da kowane haɗin launi a kowane gurbi, ta ɗauki wanda ya fi kusa da asali.

Yanzu mun zo inda aikin yake da gaske, wato layin waya. Modem yakan kashe bit 10, wato sifili ko ɗaya guda goma, wajen tura harafi ɗaya. Mai gudun bit 2,400 a daƙiƙa ke nan harafi 240 yake turawa a daƙiƙa. Cika allo da haruffa 2,000, ba launi ba komai, ya haura daƙiƙa 8. To ku ƙara launi. Umarnin sauya launin gaba da na baya yakan kai bayit 10, wato wurin harafi 10. In kowane gurbi launinsa daban da na maƙwabcinsa, falle ɗaya ya zama bayit 22,000, wato sama da minti ɗaya da rabi a kan wancan modem. Ko a mai gudun 14,400, wanda a farkon shekarun 1990 abin alfahari ne, daƙiƙa 15 zai ci. Falle ɗaya fa! Akwai manhajoji da ke mai da bidiyo haruffa nan take, irin su AAlib ta 1997 da libcaca ta 2003 mai launi, suna da kyau a kan kwamfutarka, amma ba don siririn layin tarho aka gina su ba.

Dabarar ita ce kada a sake tura abin da ya riga ya isa. Ku tuna mai gyaran hula: in zare ya tsinke a wuri ɗaya, ba ya warware hular duka, wurin yake bi da allura. Haka manhajar za ta riƙe hoton abin da ke kan allon mai kallo, ta kwatanta shi da falle na gaba, ta tura gurbin da suka sauya kawai. Sai dai tsallake ma kuɗi ne. Umarnin kai manuni layi na 12 gurbi na 40 bayit 8 ne. Umarnin matsawa gaba gurbi biyar a layi ɗaya bayit 4 ne. Saboda haka in gurbi biyu ko uku ne tsakanin sauyi da sauyi, kuma launinsu bai bambanta ba, sake rubuta su ya fi tsallake su araha. Haka launi: in wanda ake kai bai canza ba kada a sake faɗarsa, in na baya kaɗai ya canza a faɗi shi kaɗai.

Ku yi lissafin da kanku. A gudun 14,400 kuna da bayit 1,440 a daƙiƙa. In kuna son falle 5, kowane falle bayit 288 ne rabonsa, har da umarni. Wannan ne kasafinku. Idan sauye-sauyen sun fi haka, sai a jera su, a fara tura waɗanda bambancinsu ya fi girma, ƙananan su jira falle na gaba. Ido ba ya lura da bango ya makara da rabin daƙiƙa, amma yana lura da baki in ya makara.

Wannan ne kuma ya sa nake gargaɗi kan yayyafin ɗigo, wato cakuɗa ɗigo na launuka daban-daban don ido ya ga launin da babu shi. Akwai hanyar Floyd da Steinberg ta 1976, wadda ke tura kuskuren launin kowane ɗigo zuwa maƙwabtansa. A hoton da ba ya motsi tana da kyau sosai. A bidiyo kuwa ɗan sauyi kaɗan a kusurwa ɗaya yakan bi ya girgiza allon duka, bango da ba ya motsi ya yi ta tafasa, kasafin ya ƙare a banza. Tsararren yayyafi irin na Bayer, na 1973, bai kai shi laushi ba, amma wurin da bai motsa ba yana nan daram. Ni shi nake zaɓa duk lokacin da abu zai motsa. A kuma sa wa manhajar ƙa'ida: in sabon launi bai fi tsohon da wani abin kirki ba, a bar tsohon. Bidiyon da aka ɗauka da hannu yana rawa kuwa, a daidaita shi tukuna, domin in kyamara ta girgiza kowane gurbi ya sauya.

Saura lokaci. Fayil ɗin ANSI ba shi da agogo a cikinsa. Gudun layi shi ne gudun motsi. Shi ya sa tsoffin zane-zanen da aka yi don modem na 2,400, in ka buɗe su a intanet ta yau, kafin ka ƙyafta sun wuce. Hanya biyu ce. Ko dai shirin da ke kan BBS ɗin ya riƙa tura falle ya dakata ya tura na gaba, ko kuma a zaɓi gudu ɗaya a cike kowane falle da umarnin da ba sa canza komai har girmansu ya zo daidai, a gaya wa mai kallo gudun da zai sa. Manhajar SyncTERM tana iya kwaikwayon gudun tsoffin modem, da ita za ku gwada.

Abu uku ƙanana kafin ku ɗora. Kada ku rubuta komai a gurbin ƙarshe na layin ƙarshe, domin a manhajoji da yawa hakan na tura allon duka sama da layi ɗaya, duk lissafinku ya goce. Ma fi aminci ku tsaya a layi 23 ko 24, tunda wasu na ware na ƙasa don bayanin haɗi. Ku tabbata fayil ɗin da CP437 aka adana shi, in kuwa da UTF-8 ne, tsarin haruffa na kwamfutocin yau, kowane tubali zai zama bayit uku, tsohuwar kwamfuta ta nuna shi a matsayin tarkacen haruffa. Sannan ku manna masa bayanin SAUCE, ɗan ƙarin bayit 128 da 'yan ACiD suka ƙirƙiro a 1994, mai ɗauke da sunan aikin da na mai shi da faɗin allo da ko an yi amfani da launukan iCE. A ƙarshen fayil ɗin kuma ku mayar da launi yadda yake, ku sauke manuni ƙasa, don kada menun BBS ɗin ya fito a tsakiyar fuskar mutum.

Ga dokin namu nan a gudun 2,400, falle biyu a daƙiƙa, ba launi. Ga shi kuma a 14,400 da launi da inuwa. Ku fara da gajeren bidiyo na daƙiƙa goma, mutum ɗaya a gaban bango fari, kyamara a kafe, ku gwada shi a gudu mafi ƙanƙanta kafin ku ƙara masa komai. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.