Kambun jarumai mata: ina rabon 'yan dandamali?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Zariya a kan kambun da ake bai wa jarumai mata ne.

A Amurka gida uku aka raba abin. Oscar na fim ne, an fara shi a 1929, kuma Janet Gaynor ce ta fara ɗaukar kambun jaruma. Tony na wasan dandamali ne, tun 1947, sai Emmy na talabijin da ya biyo baya a 1949. Akwai matan da suka haɗa ukun duka, irin su Viola Davis.

Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba. An fara AMAA, kambun finafinan Afirka, a 2005, sai AMVCA, na finafinai da shirye-shiryen talabijin, a 2013 a Legas. Jaruman Kannywood irin su Rahama Sadau da Hadiza Gabon sun ɗauko lambobin yabo, mun kuma taya su murna. To amma duk kambunan nan na wanda kyamara ta ɗauka ne.

Ga mu da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda ake koyar da wasan kwaikwayo tun 1975, zamanin malamin wasan kwaikwayo Michael Etherton, a dandalin nan da aka gina da jar ƙasa. Daga nan ɗalibai ke fita ƙauyuka suna wasan wayar da kai kan lafiya da noma da karatun 'ya'ya mata. Yarinyar da ta tsaya a tsakiyar fili gaban dattawa da yara ba ta da darakta mai cewa a tsaya a sake ɗauka. Ba mai tace hoto, ba mai gyara mata murya. In ta manta magana, a gaban kowa za ta manta, a gaban kowa kuma za ta ceci kanta. Wallahi wannan aiki ya fi wuya, amma in an tashi, tafi ne kawai ladanta, sai makin jarrabawa.

Haka iyayenmu mata da suka tsufa a sana'ar. Ba a manta da 2022 ba, lokacin da Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ake sallamar ta da su in ta fito a fim, maganar da ta tayar da ƙura. Su ke riƙe matsayin uwa da kaka da uwar miji, amma idon masu bayar da kambu yana kan budurwar da ke kan fasta.

Kiranmu ga sashen wasan kwaikwayo na jami'ar da gidajen rediyo da talabijin na jihar Kaduna shi ne su haɗa kai su kafa kambun shekara-shekara na jarumar dandamali, da wani na dattijuwar da ta daɗe tana yi. Kuma masana ne za su yi alƙalanci, su zauna su kalli wasan da idonsu. Kada a bar shi ga ƙuri'ar waya, wadda yawan mabiya a Instagram kawai take aunawa.