Sharhi: Masuntan Maine da dokar ɗaga kwata

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau zai leƙa jihar Maine ne, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka daf da Kanada, jihar da mafi yawan lobsta da ake kamawa a Amurka daga ruwanta yake fitowa. Lobsta ɗin nan, ga wanda bai taɓa gani ba, kamar ƙaton jatan lande ne mai almakashi biyu, kuma kuɗi ne ba na wasa ba.

A watan Janairun 2024 guguwa biyu suka dira wa masuntan jihar cikin kwana huɗu, ɗaya ranar 10 ɗaya ranar 13, ta biyun ma ta zo daidai da tumbatsar teku, a birnin Portland ruwa ya kai ƙafa 14.57, ya zarce tarihin da aka kafa tun 1978. A South Portland akwai wasu tsofaffin bukkokin masunta da suka haura shekara ɗari a tsaye kan duwatsu, mutane na tsaye suna ɗauka da waya igiyar ruwa ta yi awon gaba da su. To bukkokin nan dai na tarihi ne, asarar da ta fi ciwo ita ce ta kwata.

Kwatar tasu wata doguwar gada ce ta katako da aka kafa kan turaku ta kutsa cikin teku. Nan jirgi ke shan mai, nan ake ɗaukar koto da ƙanƙara, nan ake jibge tarkuna, nan injin ɗaga kaya ke fito da akwatunan lobsta a auna a loda a mota. In ta rushe, jirginka lafiya lau ne amma ba ka da inda za ka sauke kaya, kai da wanda ba shi da jirgin duk ɗaya. Ruwa ya ɗago katakai daga ƙasa ya ɓalle su da ƙusoshinsu, tankunan mai da tarkuna suka bazu a gaɓa, kuma galibin kwatocin nan na iyalai ne ko ƙungiyoyin masunta, ba na gwamnati ba, don haka tallafin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, bai cika isa gare su ba, sai dai a nuna musu hanyar rance.

Sai kuma maganar famit, wato izinin gini. Maine na da dokokin kare bakin ruwa masu tsauri tun shekarun 1970, kuma yadda abin yake a lokacin guguwar, in za ka mayar da kwata yadda take a da, ba wata wahala sosai, amma in ka ce za ka ƙara mata tsayi to sai ka bi layin neman izini. Kun ji fa! Wato hanya mai sauƙi ita ce ka sake gina abin da ruwa ya riga ya gwada maka cewa zai iya cinyewa. Cikin watan Maris majalisar jihar ta yi dokar gaggawa, Gwamna Janet Mills ta sa hannu, aka ba masu kwata damar ɗaga ta har ƙafa 4 sama da matakin da hukuma ta ƙiyasta ambaliya ke kaiwa ba tare da wancan dogon jira ba, daga baya aka ware dala miliyan 25 don gyaran wuraren aikin masunta.

Ni dai a ganina sun yi daidai, kuma dalilina ba tausayi kaɗai ba ne. Gaɓar tekun Maine in aka haɗa da tsibirai ta haura mil 5,000, amma binciken cibiyar Island Institute ya nuna abin da ya rage wa masu sana'ar ruwa bai wuce kamar mil 20 ba. Sauran fa? Da yawa ya koma gidajen hutu da otal-otal. To dattijon da kwatarsa ta rushe, ba inshora mai ƙarfi, lokacin kamu na ƙaratowa, ga ɗan kwangila ya yi wuya, ga takarda ta maƙale a ofis, sai wani mai kuɗi daga Boston ko New York ya zo da cek a hannu, me kuke zato zai yi? Zai sayar mana. Kuma filin da ya zama gidan hutu ba ya komawa kwata, wa zai yarda da warin koto da ƙarar inji ƙarfe huɗu na asuba a ƙofar gidansa?

Inda nake da ja shi ne, sassaucin da aka yi domin masunci kada ya zama ƙofar da mai jirgin shaƙatawa zai bi ya faɗaɗa gininsa a bakin ruwa, don dokokin nan ba a banza aka kafa su ba, suna kare fadamu da wuraren da kifi ke hayayyafa, masuntan ma da su suke ci. Sannan ƙafa 4 ɗin nan kuɗi ce, turaku masu tsayi da katako mai kauri ba su da arha, dala miliyan 25 kuma in aka raba ta a gaɓa mai tsawon nan ba za ta kai ko'ina ba. Ga shi ruwan mashigin tekun Maine na cikin waɗanda suka fi saurin ɗumama a duniya, teku na ƙara hawa, wanda ya ɗaga kwatarsa bana sai ya tambayi injiniya shekara nawa wannan tsayin zai kai shi.