Ina tazarar ta tafi?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku zan taɓa yau a kan akwatunan shafin intanet a CSS, yaren tsara kamannin shafi, irin su div (akwatin tara abubuwa) da p (sakin layi), masu ƙin zama inda ka ajiye su.

Na farko, margin, wato filin da ke wajen akwati. Akwatin sama ka ba shi margin-bottom (margin na ƙasa) 30px, na ƙasa margin-top (margin na sama) 20px; px ɗin pixel ne, ma'aunin allo. Tazarar nawa ce? Hamsin? Malam, a lissafi ka ci, a CSS ka faɗi. Talatin ce! Idan margin na sama da na ƙasa suka haɗu, babban ke haɗiye ƙaramin. Burauza ba ta yi kuskure ba, haka dokar take tun CSS ta farko a 1996, don kada sakin layi su yi wa juna nisa. Na gefe, hagu da dama, ba ruwansu da wannan.

Abin ma bai tsaya nan ba. Margin na ɗa, wato akwatin ciki, yana iya tsallake uwarsa, akwatin da ke ɗauke da shi. Na taɓa sa h1, wato babban kanu, cikin div mai launin shuɗi, sai ga farin fili a saman shafi. Na ƙara lamba, na rage lamba, har man janareta ya ƙare. Ashe margin ɗin h1 ne ya fice ya tura div ɗin duka ƙasa, saboda div ɗin ba shi da padding (filin cikin akwati) ko border (layin gefensa) da zai tare shi. Padding 1px kawai ya kashe maganar. Yanzu display: flow-root nake sa wa uwar, shi ma yana hana margin ɗin ficewa. A cikin flex ko grid, wasu hanyoyin jera akwatuna, kuwa margin ba sa haɗiyar juna. Ku rubuta wannan, na ce ku rubuta.

Na biyu, faɗi. Ka rubuta width 300px, padding 20px, border 1px, sai ka samu 342, domin padding da border na hagu da dama sun ƙaru a kan 300 ɗin. Sa box-sizing: border-box don su shiga cikin 300 ɗin, shi ke nan. Na huɗu... na uku ne? Float, mai tura akwati hagu ko dama. Ku guje shi, lokaci ya tafi.

Na'am, Hajiya? Tana cewa shafinta a waya yana zamewa gefe. To a kwamfuta danna F12 don buɗe kayan binciken burauza, ki zaɓi girman waya, ki sa wa komai outline: 1px solid red, wato jan layi a kewaye da kowane akwati. Outline fa, ba border ba, domin shi ba ya cin fili. Akwatin da jan layinsa ya wuce bakin allo, shi ne mai laifin. Galibi hoto ne da ba a ba shi max-width: 100% ba, wanda ke hana shi wuce faɗin uwarsa. Kawo kwamfutar mu gani.