Wa ke rufe ƙofar? Bawul daga taya zuwa zuciya

Tun makon jiya ake ta musu a kan ɗan murfin bawul ɗin taya, wato bakin da ake hura mata iska: wai in ya ɓace, iskar taya ta gudu. To ga shi na cire. Ku saurara. Shiru.

Murfin nan ƙura da laka yake tarewa. Mai aikin yana ciki. Ku dubi ɗan tsinken da ke tsakiyar bawul ɗin, ƙasansa akwai sifirin da 'yar roba. Sunan irinsa Schrader, tun 1893 ake amfani da shi. Famfo ya turo iska da ƙarfi, tsinken ya nutsa, iska ta shige. Da an janye famfo sai sifirin ya mayar da shi, sannan iskar da ke cikin tayar ta danne shi ta baya. A nan mutane ke ɓata lissafi: iskar da ke neman hanyar fita, ita ce ke ƙara rufe wa kanta ƙofa. Shi ya sa mai faci ke shafa ɗan yawu a bakin bawul. Ba ƙazanta ba ce, awo ne. In ya yi kumfa, robar ta gaji.

Bawul na injin mota ba zan daɗe a kansa ba. Kamshaf, wani sandan ƙarfe mai juyawa a cikin injin, ke tura shi ya buɗe, sifirin ya rufe, ɗaya na shigar da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Makanikai ku yi haƙuri.

Yanzu zuciya. Bawul huɗu gare ta, babu sifirin, babu kamshaf. 'Yan fatu ne sirara, jini ya tura su su buɗe, ya juyo zai koma ya cika su su haɗe baki. Kun ga dabarar taya?

Wancan "dum-dum" da likita ke ji a ƙirji ƙarar rufewarsu ce. Ta farko, biyun da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa. Ta biyu, biyun da ke bakin manyan jijiyoyi. Kusan sau dubu 100 a rana, ba hutun Juma'a.

Ciwon makogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa yaro magani ba yana iya taɓa waɗannan fatun bayan shekaru, su daina haɗuwa sosai. Sai jini ya riƙa zurarewa baya. Ga yadda likita ke jin sa: dum, shhh, dum.