Ƙananan kalmomin Turanci da ke cin wasan Scrabble

Assalamu alaikum, masu kallo. Kun zauna wasan Scrabble, wasan jera kalmomi a kan allo da ƙwayoyi masu haruffa, kun zura hannu a jaka, sai ga harafin Q ya fito, babu U a hannunku, alhali a Turanci kusan kullum U ke bin Q. Q maki 10 ne, kuma shi kaɗai ne a cikin ƙwayoyi 100 na wasan. In aka tashi yana hannunku, makin nan 10 za a zabge muku.

Maganinsa kalma ce mai harafi biyu: QI. Daga Sinanci Turanci ya aro ta, tana nufin ƙarfin rai da masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ke cewa yana zagaya jikin mutum. To, ku dubi allon nan da kyau. Ga gidan da ke ninka makin harafi sau uku babu kowa, ga I a damansa, ga wani I a ƙasansa. Ku ajiye Q a nan. QI a kwance, 31. QI a tsaye, 31. Ƙwaya ɗaya tak, maki 62! Wanda ya sha wahala ya jera kalma mai harafi shida yana iya tashi da 12.

Akwai wasu masu Q da ba baƙi ba ne a kunnenmu. QADI dai alƙali ne, daga Larabci, inda namu "alƙali" ya fito. QAT kuwa ganyen nan ne da ake taunawa a Yaman da Habasha da Somaliya.

Sauran masu tsada: XU, ƙaramin kuɗin ƙasar Biyetnam, JO, masoyi a bakin mutanen Sukotland, ZA, taƙaitaccen sunan abincin nan fiza. In wasula suka yi muku yawa, ga AA, narkakken dutsen aman wuta da ya daskare da kaushi, kalma daga tsibiran Hawai. In baƙaƙe ne suka cika hannu, ga CWM, wani kwari mai zagaye tsakanin tsaunuka, daga harshen mutanen Wales. Ba wasali ko ɗaya, kuma ta halatta.

A ganina, wanda zai fara koyo ya bar dogayen kalmomi tukuna, ya haddace waɗannan, domin su ke ba ka damar liƙa kalma a jikin wata ka ci maki ta ɓangare biyu. Najeriya ba baya take ba a wannan fage: a 2015, a birnin Perth na Ostiraliya, Wellington Jighere ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe gasar duniya.

Sai dai ku yi hattara da ZO, wata dabba ta yankin Tibet, ruwa biyu tsakanin saniya da yak, wata dangin shanu mai dogon gashi da ke zama a tsaunuka. Ƙamus ɗin Collins, wanda ake gasa da shi a Najeriya, ya karɓe ta, amma jerin kalmomin Amurka bai karɓa ba. Saboda haka tun kafin a ɗebi ƙwaya, ku daddale da abokin wasa a kan ƙamus ɗin da za a bi.