Ciyarwa da Tace Ruwa a Tankin Murjani na Cikin Gida

Rassa masu launi da ake gani a cikin tankin gilashi na kiwon kifin teku murjani ne, wato ƙananan dabbobin teku da ke zaune a dunƙule wuri guda. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda masana ke kira zooxanthellae, kuma ita ce ke amfani da haske ta samar musu da mafi yawan abincinsu. Duk da haka murjani yana miƙa 'yan hannuwansa, musamman da dare, ya kama ƙananan halittun da ruwa ya kawo masa. Akwai ma irin su Tubastraea da ba su da wannan gansakuka sam, don haka sai mai kiwo ya kai wa kowane baki abincinsa.

To, duk abincin da aka zuba wa kifi ko murjani, ko ƙananan jatan lande daskararru ne ko busasshen abinci, ba ya ɓacewa. Abin da kifi ya ci yana fitowa a matsayin amoniya, wadda guba ce. Sai bakteriyar da ke manne a jikin duwatsu da yashi ta mayar da ita wani sinadari mai suna naitirayit, daga nan kuma naitiret. Fosfet ma, wani sinadarin datti da ke taruwa a ruwa kamar naitiret, daga abincin yake fitowa. A teku ruwa mai yawa ne ke kwashe su, amma a tanki ba su da wurin zuwa sai inda mai kiwo ya tanadar.

A nan ne dutse mai rai yake da muhimmanci. Dutse ne mai ramuka birjik, wanda samansa ke samun iskar oksijin, can cikinsa kuwa iskar ta yi ƙaranci, kuma a wannan lungu ne wata bakteriyar ke mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice daga ruwan. Tun a 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana yadda yake kiwon murjani da irin wannan dutse da kumfar iska. Daga baya masu kiwo a Jamus suka haɗa dutsen da na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa, aka san tsarin da sunan birnin Balin.

Hanyar da na fi yarda da ita ga mai kiwo a gida ita ce ƙaramin tanki na biyu, a ƙarƙashin babban, inda ake renon ciyawar teku mai suna Chaetomorpha. Ciyawar tana zuƙe naitiret da fosfet tana girma, amma sai an yanke wani ɓangare an zubar ne dattin ya bar ruwan da gaske, kamar yadda shara ba ta bar gida ba muddin tana cikin kwando. Ana kunna fitilar wannan tanki da dare, lokacin da ta babban take a kashe, domin tsamin ruwa kada ya riƙa hawa da sauka. Ƙananan halittun da ke hayayyafa a cikin ciyawar kuma ruwa yana ɗebo su zuwa sama, su zama abincin kifi da murjani.

Sai dai a kula, tacewa tana iya wuce gona da iri. Idan naitiret da fosfet suka ƙare ƙaf, murjani yana koɗewa, wata gansakuka mai yauƙi kuma ta mamaye yashi. Shi ya sa masu kiwo da yawa ke barin naitiret tsakanin miligiram 1 zuwa 10 a kowace lita, fosfet kuma kusan 0.03 zuwa 0.1. A riƙa auna ruwan kowane mako. Idan awon ya faɗi ƙasa da haka, a ƙara abinci kaɗan kaɗan ko a rage sa'o'in fitilar ciyawar, sannan a jira mako guda kafin a sake taɓa wani abu.