Windows 11: A Sabunta Ko A Dakata?

Jama'a, assalamu alaikum. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Kwamfutarka za ta ci gaba da aiki, amma duk ƙofar da 'yan kutse suka gano daga nan, a buɗe za ta zauna. Mai shagon buga takardu a Gusau, wanda ɗalibai ke soka wa filash daga safe har dare, shi ya fi kowa shiga haɗari.

To, kafin ka danna komai, duba lambar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In ka ga i5-8250U, wannan 8 ta farko ita ce zubin furosesar ta Intel, kuma daga zubi na 8 Windows 11 ke karɓa. In 6300U ce ko 7200U, ba ta cikin layi. Nan ne yawancin kwamfutocin gwanjo ke faɗuwa: HP EliteBook 840 G3 ba ta shiga, G5 mai furosesa zubi na 8 kuwa tana shiga.

Sai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Danna Windows da R tare, ka rubuta tpm.msc. In ta ce babu, kada ka yi saurin yanke ƙauna, sau da yawa a kashe yake cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD. Kunna shi kawai. Ana kuma buƙatar RAM gigabait 4 da wurin ajiya 64, ko da yake a gaskiya 4 ɗin nan rarrafe za ta yi, 8 ta fi.

Masu gyara kan tsallake waɗannan sharuɗɗa su ɗora Windows 11 da ƙarfi. Tana hawa, amma Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da aiko mata gyara ba. Ga kwamfutar da ake neman abinci da ita, ba mu ba da wannan shawara.

In taka ta cancanta, kwashe fayilolinka a wani faifai daban, ka tabbatar tsohuwar firintarka tana da direba, wato manhajar da ke sa ta aiki, na Windows 11. Tanadi data aƙalla gigabait 6. Kuma kada ka fara da mataccen batir sai janareto ko sola na tsaye, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya hana ta tashi.

In ka hau ba ta yi maka ba, kwana 10 kake da su ka koma Windows 10 ta Settings, sashen Recovery. Kada ka goge jakar Windows.old kafin nan, ita ce hanyar komawar.